Kawu Likitan Bango Ya Je Duba Gida

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin gini, to a fara da Kawu, a rufe da Kawu, sauran su jira wani zaman. Mutum ne da bango ba ya iya ɓoye wa sirri. Da ya shiga ɗaki zai karkata kai, ya ƙwanƙwasa sau uku da bayan yatsa, sai ka ji ya faɗa maka shekarun ginin, da yawan yashin da aka zuba, da halin maginin da ya yi aikin, har da na iyayensa. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin har yau ba a sami mai gidan da ya yarda a rushe masa bango don a gwada maganar Kawu ba.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a wani kamfanin gine-gine. Kada a tambayi muƙamin da ya riƙe, tambayar tana ɓata masa rai. Masu dogon baki sun ce makullin sito ne a hannunsa, yana zaune a kan benci yana kallon kayan aiki suna shiga suna fita. To amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙurar siton ta sauka a gashinsa, ta ratsa ta shiga ƙwaƙwalwa, ranar da ya yi ritaya ya fito a cikakken injiniya ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba. Kamfani ya ba shi agogon bango na sallama. Shi kuma ya ƙara wa kansa hular kwano ɗaya da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikata, don a cewarsa sun saba da shi, rabuwa za ta yi musu wuya.

Shi ya raɗa wa kansa suna Likitan Bango. Dangi kuwa, a bayan idonsa, Kawu Guduma suke cewa, saboda 'yar gudumar da ba ta barin aljihunsa ko ziyara zai je. Akwai ranar da ya je dubiyar wani amininsa a asibiti. Mara lafiya yana miƙo hannu, Kawu ya wuce shi, ya dafa bangon da ke bayan gadon, ya kara kunne, ya girgiza kai ya ce wannan ba zai kai baɗi ba. Sai da aka yi wa matar mara lafiyar fifita kafin ta gane da bango ake. Mutumin ya warke, bangon ma yana nan.

Gidan Kawu shi ne abin koyi. Ƙofar banɗakinsa shekara shida ke nan da igiya ake ɗaure ta. Matarsa, baiwar Allah mai ƙarancin magana, ta san inda ake ajiye kowane bokiti a falo da zarar hadari ya haɗu. In ta yi maganar gyara, sai ya ce mata aikin yana matakin nazari, kuma babban likita ba ya gaggawar yanka ɗan gida.

Ƙanwar Kawu tana da 'ya, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin yara, kowa Nas yake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Tana ƙarama a hannun Kawu ta tashi, shi ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta, rana da ruwa, shekara shida. Shi ya sa har yau ba ta iya kallon idonsa ta ce a'a. Tana sonsa tsakani da Allah, tana kuma tsoron gudumarsa.

To, mai gidan da Nas take haya ya ba ta wata ɗaya ta tashi, har kwana goma sha biyu sun tafi. Allah ya taimake ta ta sami gidan saya, ɗaki uku da falo, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa wurin aikinta. Mai gidan wata tsohuwar shugabar makaranta ce da ake kira Malama, za ta koma wurin 'yarta. An gama magana a kan farashi. Abin da ya rage shi ne mai duba gini ya zo ya zagaya, duk abin da ya gano na gyara a zauna a daidaita wanda zai gyara, a sa hannu a ranar. Akwai kuma wani ɗan kasuwa a gefe da yake son gidan don ya rushe ya yi shaguna. Shi ba ruwansa da dubawa, kiran waya ɗaya yake jira. Malama ta fi son ta bar gidan a hannun mai 'ya'ya, amma ta faɗa tun farko cewa ita ba ta son raini kuma ba ta son a ja ta da nisa.

Nas ta ɓoye wa Kawu zancen iyakar ƙoƙarinta. Uwarta ce ta yi suɓutar baki. Ranar Asabar da safe tana buɗe ƙofa ta tarar da shi zaune a kan dakali, hular kwano a ka, riga mai ƙyalli ta kasa haɗuwa a kan tumbi, guduma a hannun dama, sabon littafin rubutu a na hagu.

A cikin tasi ta yi masa magana a hankali.

“Kawu, don Allah, ido kawai. Na riga na ɗauko mai duba gini, aikinsa ke nan, yana da takardar shaida. Matar nan ba ta son hayaniya. In gidan nan ya kuɓuce mini, ban san inda zan kai yaran nan ba.”

“Kwantar da hankalinki, 'yar nan,” in ji Kawu. “Takarda ba ta jin bango. Ni kuwa bango yana yi mini magana tun kafin a haife ki. Sayen gida yaƙi ne. Wanda ya yaba ya faɗi. Yau za ki ga yadda ake sa mai gida ya yi kuka ya gyara.”

Nas ta yi ajiyar zuciya ta juya tana kallon taga. Kawu ya ji daɗi, don ya san ajiyar zuciyar wanda aka sauke wa kaya idan ya ji ta.

Sun tarar da mai duba ginin ya riga su. Wani siririn dattijo ne mai furfura a gemu, da 'yar jaka, da tocila, da wata ƙaramar na'ura da ake karawa a bango ta nuna ko akwai danshi. Ya gaida Kawu da ladabi. Kawu ya dubi na'urar kamar yadda ake duban abin wasan yara, ya ce masa, “Sannu, ɗan takarda. Ka bi ni a baya, za ka ƙaru.”

Malama ta fito da tabarau a kan hanci, ta yi musu maraba, ta kawo ruwa. Falonta tsaf, ga durowar littattafai daga ƙasa har sama. Ta dubi hular kwanon Kawu, ta dubi silin ɗinta. Kawu ya lura da kallon, ya gane cewa tsoro ya fara shigarta.

Da bangon falo ya fara. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya lumshe ido. Sannan ya zaro guduma.

“Shafe na kirki ba ya tsoron guduma,” ya ce. “Ku matsa.”

Bugu ɗaya ya yi, amma na mai shekara ashirin da bakwai a aiki. Shafe mai faɗin faranti ya ɓalle ya faɗo a kan tayil ya tarwatse. Kawu ya buɗe littafi, ya lashi bakin biro, ya rubuta yana faɗa da ƙarfi: “Na ɗaya. Shafe matsoraci.”

“Kawu,” in ji Nas.

“Na sani, 'yar nan. Ki bari sai mun gama ki yi godiyar gaba ɗaya.”

Daga nan ya nemi bokiti. Malama ta ɗauka tsintsiya da abin kwashe shara za su biyo baya, ta nuna masa. Ya ciko bokitin, ya tsaya a tsakiyar falo, ya yi jawabi a kan cewa na'ura tana ƙarya amma ruwa ba ya ƙarya, duk inda ƙasa ta karkata can zai nufa. Ya juye shi gaba ɗaya. Ruwan bai nufi ko'ina ba, don falon a daidaice yake, sai ya bazu ko'ina, har ƙarƙashin durowa. Malama ta durƙusa da gwiwoyinta na tsufa tana kwashe littattafan layin ƙasa, Nas ta ruga tana taya ta tana ba da haƙuri. Kawu ya rubuta cewa falon ba shi da alƙibla, ruwa ya rasa inda zai bi.

A kicin ya tarar da famfo. Mai duba gini ya riga ya buɗe ya rufe, ya sa alama a takardarsa cewa lafiya lau. Kawu ya yi murmushin tausayi.

“Ba a gwada famfo da lallashi. Yau kai ne, gobe yaro ne mai ƙarfi.”

Ya kama shi da hannu biyu ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ya haɗa da kafaɗa. Kan famfon ya fito a hannunsa. Ruwa ya yi tsalle ya daki hular kwano yana ƙara kamar ruwan sama a kan rufi. Sai da mai duba gini ya fita da gudu ya rufe ruwan gidan daga waje. Kawu ya goge fuska, ya sami laifi biyu a wuri ɗaya: famfo ba shi da juriya, ruwa kuma ya cika ƙarfi.

Ƙofar ɗakin baya ma ba ta tsira ba. Ya ce ƙofar da ba za ta ɗauki namiji ba ina za ta tare ɓarawo. Ya kama samanta ya ɗaga ƙafafunsa. Ƙofar ta yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ta rabu da bango suka sauka tare. Ya tashi ya karkaɗe riga ya rubuta. Sai labule, sai makunnin fitila, sai sakatar taga. Duk abin da Likitan Bango ya taɓa, cutarsa takan bayyana nan take, abin da ke nuna zurfin iliminsa.

A ɗakin da Nas ta zaɓa wa yara ne kawai ya yi sassauci. Ya tsaya a kusurwa, ya ƙwanƙwasa, ya shaƙi iska, ya sanar da cewa wannan ne kaɗai lafiyayyen ɗaki a gidan. Mai duba gini ya jira har ya matsa, sannan ya haska tocila daidai saman inda Kawu ya tsaya. Wani tabo ne mai launin ƙasa a silin, alamar rufi yana yoyo. Kawu bai gani ba, don hular kwano ba ta barin mutum ya ɗaga kai sosai, kuma shi likitan bango ne, ba na sama ba.

Kafin azahar aka zauna a teburin cin abinci. Mai duba gini ya karanta nasa, abu uku ne: rufi yana yoyo a kusurwar ɗakin yara, wayar wutar kicin ta tsufa, bututun da ke fitar da ruwan banɗaki ya toshe rabi. Ya ce gida ne mai ƙwari, gyaran ba mai yawa ba ne. Malama ta gyaɗa kai. Nas ta buɗe baki za ta yi magana.

Kawu ya miƙe. Nasa talatin da huɗu ne.

“Malama,” ya ce, yana riƙe da littafi a nesa kamar mai karanta hukunci, “na zagaya gidaje a rayuwata. Na ga na kirki, na ga na banza, na ga waɗanda ake rufa wa asiri da fenti. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, amma gidan nan ko ƙadangare sai ya yi shawara. Abin da muke buƙata kaɗan ne. A sake shafe gaba ɗaya. A ɗaga falo a ba shi alƙibla. A canja famfo, a canja ƙofofi, a juya tagar kicin ta kalli gabas. Bayan haka sai mu zauna mu ga ko za mu saya.”

Malama ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ya yi shekara talatin yana tsayar da hayaniyar aji. A kan Kawu bai yi aiki ba.

“Kuma ina so in san wanda ya gina gidan nan,” ya ci gaba. “Ko dai ba ya gani, ko kuma yana da gaba da ke.”

Malama ta cire tabarau ta ninke.

“Mijina ne,” ta ce. “Da hannunsa ya gina shi, shekara huɗu, kullum in ya taso daga aiki.”

“Allah ya ji ƙansa,” in ji Kawu. “Amma da ya tambaye ni.”

Malama ta jawo wayarta, ta mayar da tabarau, ta fara neman lamba a hankali da yatsa ɗaya. Ba ta dubi Kawu ba, Nas ta duba.

“'Yata, na so ki da gidan nan. Amma ina ganin bai dace da danginku ba. Gara wanda zai rushe shi a rana ɗaya da wanda zai riƙa rushe shi kaɗan-kaɗan yana zagin mai shi.”

Idon Nas ya ciko. Kwana goma sha takwas suka rage mata, ga kaya rabi a ɗaure, ga yara sun riga sun yi faɗa a kan wanda zai kwana kusa da taga. Ta dubi Kawu, ta sunkuyar da kai. Kawu ya sunkuyo ya raɗa mata, raɗar da aka ji har kicin, cewa kada ta damu, tsohuwar ta fara laushi.

Mai duba gini ya yi gyaran murya. Mutum ne da ya ga ciniki da yawa sun mutu a kan tebur, ya kuma san amfanin jan lokaci. Ya ce saura abu ɗaya bai duba ba, katakon da ke cikin silin. In lafiyarsa ƙalau, yoyon nan aikin yini ɗaya ne. In gara ta ci shi, to rufin ne gaba ɗaya, kuma ko wa zai saya ya kamata Malama ta sani. Malama ta ajiye wayar a kife, ta ce ya duba don dai ya cika aikinsa.

Ƙofar shiga silin tana lungun da ke tsakanin ɗakuna, 'yar murabba'i ce da aka yi daidai jikin marigayi, wanda ga alama ba mai cin abinci da yawa ba ne. Mai duba gini ya kafa tsani, ya sa ƙafa a matakin farko. Kawu ya dafa kafaɗarsa.

“Sauka, ɗan takarda. Gara ta san ni, na san ta. Wannan ba aikin na'ura ba ne.”

Ya karɓe tocilar ya hau. Hular kwano ta shiga. Kafaɗu suka shiga da 'yar dabara, ɗaya bayan ɗaya. Ƙirji ya shiga. Da aka zo kan tumbi sai aka tsaya shawara. Kawu ba mutumin da katako zai ba umarni ba ne. Ya ja numfashi, ya tsuke ciki, ya yunƙura, ya shige daidai wurin da ya fi faɗi, sannan ya saki numfashin. Nan take ƙofar ta rungume shi ta kowane gefe. Ya yi sama, babu. Ya yi ƙasa, babu. Ya shura ƙafa don neman ƙarfi, tsanin ya kife ya faɗi, ƙafar tsanin ɗaya ta tsage. Tocilar ta suɓuce ta gangara cikin silin ta mutu.

Haka Likitan Bango ya kasu biyu. Rabin da ke da ilimi yana sama cikin duhu da zafi da ƙura. Rabin da ke da takalmi yana ƙasa yana lilo, takalmin ma ɗaya ya faɗi, babban yatsa ya leƙo ta hujin safa.

Ya ji an kama ƙafafunsa ana ja. Ya yi tsawa a bari. Ya ji an turo tebur, an ɗora kujera a kai, ta taɓa tafin ƙafarsa. Ya shure ta. Ba zai yiwu a ce injiniya yana tsakiyar aiki ana tallafa masa kamar mai koyon tafiya ba. Ya sanar da su cewa da gangan ya tsaya a nan, don daga nan ne ake ganin komai, kuma a rubuta na talatin da biyar, tsani ba shi da amana. Abin takaici, tumbinsa ya toshe ƙofar ruf, duk abin da ya faɗa a sama yana isa ƙasa ne kamar gurnanin injin niƙa daga unguwa mai nisa. Shi kuwa yana jin nasu, kaɗan-kaɗan, ta cikin silin.

Ya ji mai duba gini yana kiran kafinta a waya. Can sai wani ɗan sauti ya taso, siriri, yana yankewa yana dawowa, har ya koma tari. Muryar Malama ce. Kawu ya yi murmushi cikin duhu. Ai ya faɗa tun a tasi cewa sai ta yi kuka. Can sai ya ji Nas ma ta kama, har wani yana bubbuga tebur. Wannan ya ɗan ba shi mamaki, amma ya san mata da tausayi.

Ya ga bai kamata a ɓata lokaci ba, sai ya ci gaba da jawabi. Ya yi wa duhu bayanin tarihin siminti. Ya yi bayanin bambancin ƙusa mai kai da marar kai. Wata tsaka ta fito ta tsaya a kan katako kusa da hancinsa, ta saurara fiye da yadda wani ɗan adam ya taɓa saurararsa, sannan ita ma ta gaji ta tafi.

A ƙasa an jawo kujeru, ana magana a hankali. Yana tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Ya ji Malama ta ce rufin nata ne, ita za ta gyara, ba za ta bar wa marayu yoyo ba. Ya ji Nas ta ce wayar kicin a bar mata. Ya ji an ce bututu a raba. Sai ya ji Nas tana cewa, “Shafe da famfo da ƙofa da tsani kuwa, Mama, wannan ɓarnar gidanmu ce, ni zan gyara. Ki yafe mana. Shi ya riƙe ni, ba mugu ba ne, Allah ne ya yi shi haka.” Kawu ya buga silin da tafin hannu yana cewa ba a yarda ba, saura talatin da ɗaya. Ƙura ta zubo masa a baki.

Aka buga ƙofar gida. Ya ji takun kafinta, ya ji ƙarar akwatin kayan aiki, ya ji mutumin ya tsaya daidai ƙarƙashinsa ya yi salati a hankali. Ya ji an ciro zarto. Sannan ya ji muryar Nas, a fili, babu rawa a cikinta, muryar da take tsayar da iyayen yara da ita a ƙofar ɗakin allura.

“Malam, ɗan dakata. Zauna ka sha ruwa tukuna.”

“Hajiya, mutum fa a rataye.”

“Na duba ƙafarsa, jini yana gudu. Aikina ne. Minti goma ba za su yi masa komai ba. Mama, ina biro?”

Hawaye ya kusa zubo wa Kawu. Yarinyar nan ta san darajar aiki. Ta gane bai gama bincike ba, ta hana a katse shi. Keken nan da ya yi shekara shida yana tuƙawa bai tafi a banza ba. Ya ji ana buɗe takardu, shafi bayan shafi. Ya ji an ce kafinta ma ya sa hannu a matsayin shaida, tunda ga shi Allah ya kawo shi. Ya ji mai duba gini yana zagaya lungun yana kara wani abu a silin, yana tambayar ƙarfe nawa aka hau, ƙarfe nawa yanzu.

Sai da aka gama duk wannan kafinta ya ɓamɓare katakon gefen ƙofar, aka shafa man girki, aka shimfiɗa katifa. Kawu ya sauko gaba ɗaya a lokaci ɗaya. Ya zauna a kan katifa, yana ƙyallin mai daga ƙirji zuwa ƙugu, yanar gizo-gizo a gira, ya gyara hular kwano.

“Na duba,” ya ce. “Ku rubuta na talatin da shida. Babu haske a cikin silin.”

“Kawu, an gama,” in ji Nas, tana miƙa masa takalminsa da hannu biyu. “Mun sa hannu. Gidan ya zama namu.”

Kawu ya dubi Malama, wadda idonta ya yi ja tana ta goge shi da gefen mayafi. Ya gyaɗa kai. Kafin su kai bakin titi ya riga ya fahimci abin da ya faru, kafin yamma kuma duk dangi sun ji: tsohuwa ta taurare, ɗan takarda ya rikice, shi ne ya hau ya matsa mata lamba daga sama har ta sallama.

Bayan mako biyu Nas ta tare. An gyara rufi, an sa sabon famfo, ƙofar ɗakin baya ta koma mazauninta, yara sun raba taga da alli. Dangi suka zo ganin gida, falo ya cika. Kawu ya zauna a babbar kujera, matarsa a gefe da kofin shayi. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce a kawo rahoton da ɗan takarda ya rubuta a karanta a gaban kowa, don na baya su san yadda ake aiki. Nas ta ce ba ta san inda ta ajiye ba. Uwarta, wadda bakinta bai taɓa riƙe komai ba, ta ce ai ga shi can a kan firji, ta ɗauko, ta gyara zama ta fara karantawa.

Shafi na ɗaya, babu Kawu. Ya ce a ci gaba, manya a ƙarshe suke zuwa. Shafi na biyu wayar wuta ce, na uku bututu. Kawu ya gyara wuyan riga, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

“Shafi na huɗu,” in ji ƙanwarsa. “Katakon rufi. Babu alamar gara. An gwada ƙarfin katakon da wani abu mai nauyi, kimanin buhun siminti biyu, an bar shi a rataye minti hamsin. Katakon bai lanƙwasa ba.”

“Sai kuma me?” in ji Kawu.

Ta juya takardar ta duba bayanta. “Shi ke nan, Yaya. Sai sa hannu.”

Babu wanda ya dubi wani. Nas ta tashi ta shiga kicin da sauri. Matar Kawu ta kurɓi shayinta, ta ajiye kofin a hankali, ta dubi mijinta daga wuya zuwa gwiwa.

“Buhu biyu,” ta ce. “To Malam, ka gode wa Allah. Duk cinikin nan kai kaɗai aka yi wa ragi.”